Fiɗiyar Zakara a Ƙasar Rano da Kibiya

Gida ɗaya ba ya ɗaukar zakaru biyar. Idan aka gama girbi a ƙauyukan Rano da Kibiya, dawa ta shiga rumbu, tsaba ta warwatsu a masussuka, lokacin ne 'yan tsakin damina ke zama samarin zakaru, su cika tsakar gida da faɗa da bin kaji. Uwargida za ta zaɓi ɗaya ta bar wa kajinta, sauran kuwa ko kasuwa, ko tukunya, ko kuma a fiɗiye su. Wannan na ukun shi ne aikin masu haƙuri, kuma ko a da ba kowane gida ke yin sa ba.

Dandaƙar bunsuru kowa ya san ta, ita ke ba mu taure. Ta zakara daban ce, domin 'ya'yan marainansa a cikin ciki suke, can jikin ƙashin baya kusa da ƙoda, dole sai an tsaga. Shi ya sa a unguwa guda da wuya ka sami mutum biyu da suka iya. Tun daren jiya ake kife ɗan zakaran a kwando, ba ci, don hanji ya saki ya ba da wuri. Da hantsi, haske ya wadata, sai mai aikin ya take fukafukai da ƙafafu, ya fige 'yan gasu a gefen haƙarƙari na ƙarshe, ya ja fata gefe kafin ya sa aska. Jan fatar nan ita ce gwanintar: idan ya sake ta sai ta koma ta rufe tsagar da kanta. Abin da ake cirowa bai fi ƙwayar wake ba, amma babbar jijiyar jini na kwance dab da shi. Hannu ya yi rawa, sai a nemi wuƙa a yanka tun kafin ya zama mushe, yara kuma su kwana da romo suna murna da asarar da ba tasu ba.

Wanda ya tsira, bayan an shafa masa toka ko man kaɗe, sai ya sauya hali gaba ɗaya. Tukkunsa ya ƙanƙance ya koɗe, cara ta ɗauke, faɗa ya fita daga ransa. Ba abin da ya sani sai dusa da gara da inuwar rumbu. In kuwa ka ji ya koma cara bayan 'yan watanni, to an bar guntu a ciki, kuma matan unguwa ba za su bar mai askar ya manta ba. Wata shida ko fiye ake kiwonsa, ana kallonsa yana tafiya da ƙyar, ana lissafi: na Sallah ne, ko na cika-ciki, ko na farfesun mai jego, ko na surukin da zai zo daga Kano. Mai ne rawaya yake tasowa saman miya, naman kuma ba ya gardama da haƙorin tsoho.

Akwai masu ƙyamar abin, suna cewa azabtar da dabba ne, kuma an raba zakara da carar asuba da Allah ya hore masa. Masu yi kuma sukan kawo Risala ta Ibn Abi Zaid, inda aka halatta fiɗiyar tumaki da awaki don naman ya gyaru, aka hana ta dawaki. Sai na farko su ce ai ba a ambaci zakara ba, na biyu su ce dalilin ɗaya ne. Na ji wannan gardama a majalisa tun ina yaro, ban kuma taɓa ganin mai ƙyamar ya janye hannu daga akushi ba.

Abin da gardama ba ta kashe ba, kajin gidan gona sun kusa kashe shi. Kazar da ke isa yanka a mako shida ko bakwai ta cika kasuwa, ga kuma ciwon da ke share akurki da hunturu, wanda ke sa mace ta ga gara ta sayar da zakaranta da wuri ta sayi omo da magi. Daga Rurum zuwa Tarai, masu askar da suka rage tsofaffi ne, idanunsu sun fara gazawa, 'ya'yansu kuma suna gonakin rani ko suna birni.