Tsatsa Mai Amfani: Yadda Zafi Yake Sauya Fuskar Alminiyam Naitiraid

Kowa ya san tsatsa da cin ƙarfe. Amma akwai wani abu da masana'antu suke aiki da shi wanda tsatsarsa takan zama garkuwarsa, muddin ba ta wuce kima ba. Sunansa alminiyam naitiraid.

Mene Ne Shi?

Wani irin tangaran ne da ake samu idan alminiyam ya haɗu da iskar naitirojin. Masana biyu, Briegleb da Geuther, su ne suka fara haɗa shi a shekarar 1862. Darajarsa ita ce yana janye zafi da sauri kamar ƙarfe, amma lantarki ba ya ratsa shi. Saboda haka akan yanka shi falle-falle, a ɗora ƙananan na'urori a kansa, a cikin manyan fitilun LED da inbata da jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, don kada zafi ya ƙona su.

Matakan Zafi

Da zarar iska ta taɓa shi, oksijin yakan kori naitirojin daga fuskarsa, ya maye gurbinsa. Abin da ke samuwa shi ne wata yana ta alumina, kamar yanar da ke kwanciya a kan dafaffiyar madara. Ko a zafin ɗaki akan tarar da ita, kaurinta nanomita 5 zuwa 10. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Idan zafi ya haura digiri 700 a ma'aunin Salshiyas, sai yanar ta soma ƙaruwa sosai. Duk da haka ita ce take tare hanya, domin dole oksijin ya ratsa ta kafin ya kai ga abin da ke ƙasa. Wannan kariya takan ɗore har wajen digiri 1,370. Daga nan sai tsatsar ta shiga cin jikin kansa. Masana sukan gane haka da sikeli, domin giram 82 na naitiraid idan ya tsatsa duka yakan koma giram 102 na alumina. Tururin ruwa a cikin iska yana ƙara wa wannan aiki sauri.

Amfani Da Illa

Jan ƙarfe ba ya kama naitiraid tsurarsa da kyau. Don haka masana'antu sukan gasa fallen da gangan a wajen digiri 1,200, har yanar ta kai kaurin maikuromita 1 zuwa 2, sa'an nan su liƙa jan ƙarfe a zafin da ya ɗara digiri 1,065 kaɗan.

To, amma kome ya yi yawa ɓaci yake. Alumina ba ta janye zafi kamar naitiraid, ko kusa. Yana mai kauri takan zama bargo, ta tsare zafin da ake so ya fita. Haka kuma idan suna hucewa alumina ta fi naitiraid tsukewa, sai yanar ta tsage, jan ƙarfen ya ɓamɓare, na'ura ta lalace.

Abin Lura Ga Jama'a

Laima ma tana cin wannan abu, musamman garinsa, ta fitar da iskar amoniya mai hawa kai. Wannan ya shafi masu narka alminiyam suna zuba tukwane, domin dattin da ke tasowa a kan narkakken ƙarfen yakan ƙunshi naitiraid. Ana jawo hankalinsu da su tara shi a busasshen wuri mai iska, kada ruwan sama ya taɓa shi, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya ko inda yara suke wasa. Masu gyaran inbata kuwa su tabbata fanka tana juyawa, kafofin iska a buɗe suke, domin zafin da ya rasa mafita shi ke kashe na'ura. Rigakafi ya fi magani.