Baƙi masu yawon buɗe ido tsakanin Damagaram da Agadas

Akwai baƙin da fatauci ke kawowa, akwai kuma waɗanda kallo kawai ke kawo su. Waɗannan na biyu su ake kira ƴan yawon buɗe ido. Kuɗi suke kashewa a otal, a kasuwa, da wurin masu sana'ar hannu. Don haka kowane gari yana so su sauka wurinsa, kuma garuruwan ƙasa ɗaya sukan yi gasa a kansu.

A shekarun 1970, Turawa da yawa sukan ƙetare hamada cikin mota lokacin ɗari. Daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya su shigo Nijar, su kwana Agadas. Daga nan mai son zuwa Kano sai ya bi ta Tanut ya faɗo Damagaram, tafiyar wajen kilomita 450, mai rairayi da yawa. A gajiye suke isowa, sai su yada zango. Su zagaya unguwar Birni, su ga fadar Sarkin Damagaram da gidaje masu zane a bango da manyan duwatsun da ke cikin gari. In sun dace da Alhamis, su ci kasuwa. Dukawa su sayar musu da jaka da takalma, makanikai su gyara musu mota, yara su yi musu jagora. Wasunsu ma motar suke sayarwa, su koma gida cikin jirgi.

Sai hanya ta sake. Wajen 1980 aka gama shimfiɗa kwalta daga Arlit zuwa Tawa, ta Agadas, domin jigilar uraniyom. Ba don baƙi aka yi ta ba, amma baƙo ba ya son wahala. Da yawa suka riƙa binta zuwa Yamai, Damagaram ta koma gefe.

Agadas kuwa ta yi ta haskakawa. Tana da masallaci mai hasumiyar ƙasa, tsawonta mita 27, ga duwatsun Ayar, ga hamadar Tenere. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda aka soma a ƙarshen 1978, ya sha ratsa ta, duniya ta gan ta a talabijin. Daga baya jirage suka riƙa kawo baƙi daga Faransa kai tsaye. Wanda ya sauka Agadas da hutun mako guda, ina zai samu lokacin zuwa Damagaram?

Amma ita ma Agadas ba ta riƙe su har abada ba, domin baƙo yana gudun tashin hankali fiye da mugunyar hanya. Tawayen da aka yi daga 1990 zuwa 1995 ya kore su. Suka dawo, sai wani tawaye ya tashi a 2007. A 2010 kuma aka sace ma'aikata baƙi a Arlit. Ƴan kaɗan da suka ci gaba da zuwa Nijar a waɗannan shekaru sai suka fi tsayawa kusa da Yamai, suna kallon raƙuman dawa a Kure. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, alhali maƙeran azurfa da masu jagora na garin sun daɗe suna jiran masu saye.