Ɗan Sanda Da Iyakar Ƙarfinsa A Gaban Doka

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya sa kayan sarki, aka kuma damƙa masa bindiga, to an sakar masa wuƙa da nama ke nan. Ba haka abin yake ba. Dokar da ta ba ɗan sanda ikon kama mai laifi, ita ce kuma ta gindaya masa iyaka, kuma ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san wannan iyaka.

Sashe na 33 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa. Ya yarda a yi amfani da ƙarfi don kāre rai ko dukiya, ko kama wanda doka ta ce a kama, ko hana tsararre tserewa, ko kwantar da tarzoma da tawaye. Amma da sharaɗi, watau ƙarfin ya zama gwargwadon bukata. Wanda ya miƙa hannu aka kama shi, ba dalilin a sa masa kulki. A dā, ƙa'idar harbi ta rundunar 'yan sanda, wadda ake kira Umarni na 237, ta ba da damar a harbi wanda ake zargi da babban laifi in ya sheƙa da gudu. A 2019 aka gyara ta, aka taƙaita harbi ga lokacin da ran wani yake cikin haɗari nan take, ko ana gab da yi masa mummunan rauni. Wannan gyara ya dace, domin gudu kaɗai bai isa hukuncin kisa ba.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun ƙara fayyace al'amarin kamu. Wajibi ne a gaya wa mutum dalilin kama shi. Ba a sa masa ankwa sai in ana tsoron zai yi faɗa ko ya tsere, ko don tsaron lafiyarsa, ko kotu ta umarta. Ba a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ba kuma a tsare mutum saboda bashi kawai. Tsarin Mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu.

Azabtar da mutum don ya amsa laifi kuwa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Kurtun da ya ce "maigidana ne ya sa ni" bai tsira ba, domin dokar ba ta karɓar wannan uzuri. Kada kuma a ɗauka kotu ba ta taɓa mai kaki. Bayan kisan matasa shida da aka yi a Abuja cikin 2005, wanda aka sani da kisan Apo, Babbar Kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a 2017, ko da yake shekara goma sha biyu jira ne mai tsawo ga iyalan mamatan.

To, in an zalunce ka fa? Kada ka yi kokawa da ɗan sanda, ko da kana da gaskiya. Riƙe sunansa ko lambarsa, da wuri da lokaci, ka nemi shaidu, ka karɓo takardar likita in akwai rauni. Sannan ka kai kuka ga Sashen Karɓar Ƙorafi na rundunar, ko Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da kowane jami'i ban da Sufeto Janar, ko Hukumar Kāre Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Kana kuma iya shigar da ƙara a Babbar Kotu, domin sashe na 35 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, a biya shi diyya, a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a.