Manyan Kamfanoni Da Sa'o'in Aikin 'Yan Ƙwadago

Sau da yawa mukan sayi taguwa ko wayar hannu mu ga sunan wani babban kamfani a jiki, mu ɗauka shi ya ƙera. Ba haka abin ya ke ba. Kamfanin yakan ba da kwangila ne ga wasu masana'antu a ƙasar Sin ko Bangaladash ko Biyetnam, su ne su ke ɗaukar ma'aikata. To, in an sa mutum aiki dare da rana, laifin wa ke nan?

Tun a shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yanka sa'a 8 a rana, 48 a mako. Amma mai kwangila ba ya tsoron takardar da ke Janeba kamar yadda ya ke tsoron mai sayen kayansa. Saboda haka kamfanin Levi Strauss ya rubuta wa masu yi masa kaya sharuɗɗa a 1991, Nike kuwa a 1992. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ita ce kada aiki ya wuce sa'a 60 a mako, har da na ƙari, a kuma ba mutum hutun yini ɗaya cikin bakwai. Kamfani yakan aika masu bincike su duba littafin zuwa aiki da na biya, su kuma keɓe da ma'aikata su ji ta bakinsu.

A 2010 ma'aikata da dama suka kashe kansu a masana'antar Foxconn ta birnin Shenzhen, inda ake harhaɗa kayan Apple. A 2012 Apple ya yarda ƙungiyar Fair Labor Association ta bincika masana'antu uku. Ta tarar lokacin da aiki ya yi yawa ana wuce sa'a 60, alhali dokar Sin sa'a 40 ta yanka a mako, aikin ƙari kuwa 36 a wata. Abin mamaki, wajen kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan da aka tambaya ƙarin aiki su ke so, don albashin bai ishe su ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Akawuna sun san littafi yakan nuna abin da mai riƙe da alƙalami ya ga dama, an kuwa sha kama masana'antu da littattafai biyu, ɗaya na baƙi, ɗaya na gaskiya. Har wa yau, kamfanin da ya kafa dokar shi ne yakan sāke fasalin kaya a ƙurarren lokaci, ya matse kuɗi, ya ce a kawo da gaggawa.

A ganinmu bincike kaɗai ba zai wadatar ba. Sai mai saye ya ba da isasshen lokaci, ya biya kuɗin da zai ƙosar da ma'aikaci ba tare da aikin dare ba, a kuma bar 'yan ƙwadago su kafa ƙungiyarsu su kai kuka. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.