Lantarki mai buɗe wa magani ƙofa

Manoma da makiyaya, kun san ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara. Ƙari ne mai girma yana cin jiki. Yana kama mutum, yana kama dabba. Likitocin Turai sun samo wata dabara ta yaƙi da shi da wutar lantarki.

Jikinmu an gina shi da ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Kowane ɗaki da bangonsa. Akwai wani magani mai ƙarfi, sunansa biliyomisin. In ya shiga ɗakin da ciwon ya kama, sai ya kashe shi. Amma bangon ba ya barin shi ya wuce, sai ɗan kaɗan. Magani ya tsaya waje kamar baƙo a bakin rufaffiyar garka.

Ga yadda ake yi. A sa wa marar lafiya maganin barci. A yi masa allurar biliyomisin a jijiya. A jira minti 8 ya zaga jiki. Sannan a kafa allurai na ƙarfe cikin ƙarin, a saki wuta bugu 8. Kowane bugu bai kai ƙiftawar ido ba. Wutar ta huda ƙananan ƙofofi a bango, magani ya shige. Bayan ƴan mintoci ƙofofin su rufe, ya rage ciki yana aiki. Ku lura: ba wutar ke kashe ciwon ba. Ita mabuɗi ce kawai.

A shekarar 1991 aka ba da labarin gwajin farko bisa mutane, a asibitin Gustave Roussy kusa da Paris, aikin wani masani mai suna Lluis Mir da abokansa. Da fari ƙarin da ke fata kaɗai ake taɓawa. Na cikin ciki ya fi wuya. Daga baya likitocin ƙasar Sulobeniya suka kai dogayen allurai har hanta. Hanta kuwa maƙwabciyar zuciya ce. Don haka na'urar tana bin bugun zuciya, ba ta sakin wuta sai lokacin da ba hatsari.

Dabarar tana aiki inda allura ta kai kaɗai. Ciwon da ya bazu ko'ina ya fi ƙarfinta. A ƙasarmu, mai ƙarin da ba ya warkewa ya je asibiti tun da wuri. Daga Damagaram ana iya tura shi Yamai, inda aka fara ƙona ciwon daji da haske a 2021.

Masu dawaki, ga naku. A birnin Tulus na Faransa, likitocin dabbobi sun yi wa dawaki masu ƙarin fata wannan aiki, da yawa sun warke. Amma kada wani ya ji haka ya ɗauko waya ko batirin mota ya ɗora wa dokinsa. Wutar likita aunanniya ce. Ta gida ƙuna take yi, ko ta kashe.