Gargaɗi: A Faɗa wa Likita Kafin a Maimaita Streptokinase

Jama'a, duk mai ɗan'uwan da ya taɓa kwanciya asibiti saboda toshewar jijiyar zuciya, ya tsaya ya karanta wannan.

Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, likita kan sa maganin narkar da shi ta ƙarin ruwa, cikin awa 12 da fara ciwon ƙirji. A cikin irin waɗannan magunguna, streptokinase ne mafi arha, shi ya sa ya fi yawa a asibitocin da ba su da na'urar buɗe jijiya. Maganin ya ceci rayuka ba kaɗan ba. Gwajin ISIS-2 na 1988, da aka yi da majinyata sama da 17,000, ya tabbatar da hakan.

Sai dai daga ƙwayar cutar streptococcus ake samo shi, dangin wadda ke kawo ciwon maƙogwaro, don haka jiki kallon abokin gaba yake masa. Kwana 5 da karɓarsa, jini ya riga ya haɗa masa garkuwa, kuma takan zauna shekaru. In aka sake sa shi, maganin na iya ƙin aiki, ko jiki ya yi bori. Ko a karon farko, kusan mutum 4 cikin 100 na samun borin jini. Mai tsananin ba shi da yawa, amma cikin mintoci yake kisa.

Mai jinya, kada ka bar gefen gado ana wannan ƙarin ruwa. Da ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko leɓe da harshe sun kumbura, ko murya ta dusashe, numfashi na fita da ƙara, ko majinyacin ya ce jiri na ɗibarsa, ɗaga murya ka kira nas. Ba lokacin kunya ba ne. Za su tsayar da ruwan, su yi masa allurar adrenaline a cinya nan take.

Ina roƙo, kada tsoro ya sa a ƙi maganin. Toshewar ta fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Magana ake bukata. Faɗa wa likita in an taɓa sa wa majinyacin streptokinase, ko ya yi ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi kwanan nan, domin akwai alteplase da tenecteplase da ba su cika tayar da borin ba. A ambaci magungunan hawan jini irin su lisinopril, don suna ƙara haɗarin kumburin harshe.

Wanda aka sallama kuma, ya nemi a rubuta masa sunan maganin da ranar da aka sa masa, ya riƙa yawo da takardar a aljihu.