Shekara kan Shekara: Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kuɗin Umdurman

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan tarihin da akan gada a gidajen Hartum da unguwannin Umdurman irin su Dar Salam akwai riyalan zamanin Mahadi da Halifa Abdullahi. Wani lokaci akan ga lamba a ƙarƙashin wata lamba a gurbin shekara. Masu tara tsofaffin kuɗi sukan sayi irin wannan da tsada, shi ya sa 'yan jabu ke kwaikwayonsa. Wannan takarda ta bayyana yadda hakan ke faruwa da hanyoyin gane na gaskiya.

2.0 Asalin Kuɗin

Bayan faɗuwar Hartum ranar 26 ga Janairu, 1885 (1302 Hijira), Mahadi ya sa aka buga kuɗin zinariya da na azurfa. Halifa ya ci gaba da bugawa a Umdurman daga 1304 zuwa 1315, azurfar tana raguwa har riyal ya kusa zama jan ƙarfe zalla. Yaƙin Karari na 1898 ne ya kawo ƙarshen bugun. Da hannu aka sassaƙa hatiman ƙarfen da ake bugawa da su, saboda haka da wuya hatimi biyu su zo daidai.

3.0 Ire-iren Gyaran Shekara

Iri na farko shi ne shekara kan shekara. Idan shekara ta ƙare hatimi bai lalace ba, maƙeri yakan ɗora sabuwar lamba a kan tsohuwa don kada a yi asarar ƙarfe da aiki. Lambobin Larabci suna da sauƙin wannan gyara: sifiri ɗigo ne da ake ja ya zama ɗaya, kuma haƙori guda ne ya raba biyu da uku. A Amurka ma akwai sanannen kuɗin santi biyar na 1918 wanda ake ganin 7 a ƙarƙashin 8.

Iri na biyu shi ne maimaicin bugu. A nan lambar ba ta canza ba. Bugun farko ne ya karkace ko bai shiga sosai ba, sai aka sake, ya bar inuwa a gefe.

4.0 Abubuwan da ke Ruɗarwa

Ba kowace lamba biyu ce shekara kan shekara ba. Kuɗin Daular Usmaniyya da na Masar suna ɗauke da shekarar hawan sarki da kuma ƙaramar lamba ta shekarar mulki. Kuɗin Sarki Abdulhamid mai 1293 da 10 an buga shi ne a 1302. Riyalan Halifa su ma suna da ƙaramar lamba dabam, kamar 1310 da 8 ko 1312 da 12, waɗanda littattafan dillalai ke rubutawa 1312/12. Wannan ba gyara ba ne.

Haka kuma shekarar da ke jikin kuɗi ba lallai ce shekarar bugu ba. Fam ɗin zinariya na Mahadi kwaikwayon na Masar ne mai ɗauke da 1255, kamar yadda liyarin Mariya Tareza da fatake suka sani yake ɗauke da 1780 ko yaushe aka buga shi.

5.0 Hanyoyin Tantancewa

Ƙa'idar ita ce gyaran gaskiya a jikin hatimi yake, ba a jikin kuɗi ba. Daga nan sauran suka fito:

(a) Abin da aka huda a hatimi tudu yake fitowa a kuɗi. Idan tsohuwar lamba rami ce, ko akwai ƙarzuwa a kewayenta, an taɓa kuɗin bayan bugu.

(b) Hatimi ɗaya yakan buga kuɗi masu yawa. Don haka sai a nemo wani da ya fito daga hatimin, a ga ko gyaran, da tsaga, da ɗigo suna wuri ɗaya.

(c) Idan rubutu da ado duka sun ninku, kuɗin ne ya motsa ƙarƙashin guduma, ba maimaicin lamba ba ne.

(d) A duba da gilashi mai ƙara girma sau goma, haske yana zuwa daga gefe. Launin tsufa ya zama ɗaya a lamba da sauran jiki.

(e) Jabun zubi yana da ƙananan ramuka da layin haɗi a baki. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, domin riyalan Halifa na gaskiya ma sun bambanta.

Kada a goge kuɗin da toka ko lemon tsami, domin gugar tana share shaidar da ake nema.

6.0 Kammalawa

Gidan Halifa, wanda ya zama gidan tarihi a 1928, ya adana irin waɗannan kuɗi, amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya yi wa gidajen tarihin Hartum da Umdurman ɓarna. Saboda haka mai sayen tsohon riyal yana da tambaya biyu: ko gyaran na hatimi ne, da kuma ta wace hanya kuɗin ya zo hannun mai sayarwa.